Kada a Sa Ta a Ruwa Sai Na Zo

Basra, tsakiyar Maris 1986

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya.

Zuwa ga Yayata Nargis,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki Wisa. Ina fata ƙafar nan taki tana barinki ki runtsa, ina fata kuma matata Marta tana samun ƙarfin jiki. Ni lafiya, in dai wannan ake kira lafiya. Tari ne kawai na ƙurar siminti, shi kuwa duk kafintan da ke kafa katakon kankare yana da nasa.

Takardarki ta iso ta hannun Hindawi direba, ya cusa ta cikin ƙullin busasshen ganyen miyar mulukiya har ƙamshin ya kama ta. A tsaye na karanta, a bakin aiki. Mace, kika ce, kuma kun sa mata Irini. Madalla. Allah ya raya. Na raba wa abokan aiki alewa. Abu Jasim, shugabanmu a wurin ginin, ya ɗauki biyu ya ce, "Barka, Abu Abanub. Gara mace a wannan zamani, ba mai zuwa ya ɗauke maka ita ya kai Faw." Ɗansa Jasim na can Faw ɗin, a bakin daga. Har yanzu da sunan ɗanmu Abanub suke kirana a nan. Ban taɓa gaya musu yaron ya shekara uku a ƙasa ba. In gaya musu su yi me, su sake mini suna?

Ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Kin san bakancen da na yi kafin in taso, ke ce shaida, kina tsaye bayana a Dair Muharrak ranar idin Budurwa Maryamu. Na ce in Ubangiji ya sake ba mu haihuwa, a can gidan sufayen za a yi wa abin da aka haifa baftisma, a idin Yuni, kuma ni da hannuna zan miƙa. Na san kwana tamanin da ake jira kafin a yi wa 'ya mace baftisma zai cika a watan Mayu, na kuma san matan Nazlat Fam za su fara, "Me ake jira?" Ki ce musu ni ake jira. Fasfona na hannun kamfani, amma an yi mini alkawarin hutu a Yuni. Kada a sa ta a ruwa sai na zo.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Can gefen takardar, inda wuri ya ƙare miki, kin rubuta cewa leɓenta na yin shuɗi in tana shan nono, sai kika bi shi da "ba komai". Yaya, na san ki. In ba komai ba kya ɓata tawada. Ku kai ta Asyut wurin likita, kada ku tsaya ga abin da ungozoma ta ce.

Harbin da kuke ji a rediyo ana yi, amma yawanci wajen bakin kogi yake sauka. Wannan layin kada ki karanta wa Marta.

Ƙaninki,
Wisa


Nazlat Fam, farkon Afrilu

Ƙanena Wisa,

Salamar Almasihu ta kasance tare da kai. Ƙafa tana nan yadda ka bar ta, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Babban azumi ya yi nisa, mun ci wake har mun fara kama da shi. Ka riƙa ɗaure hancinka da ƙyalle a wurin aiki, ba a haife ka da huhun jaki ba.

Mun kai ta Asyut. Likita ya ɗora abin saurare a ƙirjinta, ya daɗe, har na ce, "Likita, waƙa take rera maka?" Bai yi dariya ba. Ya ce zuciyar ba ta ginu daidai ba, jinin da ya kamata ya bi ta huhu yana kaucewa. Aiki sai a Alƙahira, kuma sai ta yi nauyi. Ita kuwa ba ta yin nauyi, da ta ɗan ja nono sai ta gaji ta saki. Na tura Marta waje na ce masa, "Ni ba uwar ba ce, faɗa mini gaskiya." Sai ya dubi gicciyen da ke wuyan hannuna ya ce, "An yi mata baftisma?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

Daga can ban shiga gida ba sai wurin limamin cocinmu, Abuna Bisada. Ya ce kwana tamanin doka ce ta mai lafiya. Marar lafiya ba ta jira, wata mace ta ɗauke ta ta shiga da ita, uwar ta tsaya a ƙofa tunda kwanakinta ba su cika ba. Lahadin baftisma na ƙarshen azumi ga shi tafe. Na gaya masa bakancenka. Ya ce, "Budurwa uwa ce, ba ɗan sanda ba ce. Ya kai rago a Yuni, ya kunna kyandir, na kwance shi."

Na karanta wa Marta takardarka, har layin da ka hana, domin ta ga idona ya yi tsalle ta ce in koma. Ba harbin ne ya dame ta ba. "Sai na zo" ɗin nan ta yi ta juyawa a baki. Ta ce, "Da zazzaɓi ya kama Abanub, wa ya sungume shi a guje zuwa coci ko takalmi babu? Don shi namiji ne. Wannan mace ce, sai ta jira biki." Na ce ta rufe mini baki. Amma amsar da zan ba ta ban samu ba, kai ka ba ni.

Ba na neman dogon rubutu. Ka rubuto "a yi", ka ba Hindawi kafin ya juyo.

Yayarka,
Nargis


Basra, tsakiyar Afrilu

Yaya Nargis,

Ina gaishe ki, ina gaishe da gida. Tarin da sauƙi. Na ɗaura ƙyallen, suna ce mini amarya.

Ki ce wa Marta Allah ya yafe mata wannan magana. Ni na yafe, domin na san inda ta fito. Amma tunda haka aka karanta ni, bari in faɗi abin da ban so faɗa ba.

Gaskiya ne ni na ɗauki Abanub a guje. Bai cika arba'in ba, jikinsa kamar garwashi, kowa na cewa a yi sauri. Na yi sauri. Abuna ya tsoma shi sau uku, aka sa masa farar riga, aka ɗaura masa jan zaren nan na baftisma a ƙirji, mata suka yi guɗa. Washegari ina auna katakon akwatinsa. Da hannuna na shirya shi tsaf na miƙa, kamar wanda ya share ɗaki ya buɗe ƙofa ya ce wa mutuwa shigo.

Na san abin da za ki ce, ba ruwan ne ya kashe shi ba, zazzaɓi ne. Kaina ya san haka. Amma ga yadda na tsara abin a zuciyata, ki yi dariya in kin so. Na yi wa Budurwa alkawarin yarinya a gidanta a watan Yuni. Muddin ban cika ba, tana jira. Mai jiran abu kuwa ba ya bari ya lalace kafin ya zo hannunsa. Zuwa Yuni yarinyar ta yi wata huɗu, ta ɗan yi nauyi, Alƙahira ta yiwu. In kun yi mata yanzu, me ya rage da zai sa a bar mana ita? An gama mata komai, kayanta a ɗaure, sai tafiya.

Ba saɓo nake yi ba. Ubangiji ya yi mini alheri, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ba ni hannun sana'a, ya ba ni matar da ba ta taɓa kai ƙarata ba, ya ba ni ke da bakinki. Kullum a nan sai tasi ta wuce mu da akwatin gawa a samanta an lulluɓe da tuta, ni kuwa ga ni ina cin gurasa. Amma sau ɗaya na ce masa, "Ga shi, ka yi yadda ka ga dama," kuma na ga yadda ya ga dama. Ba ni da ƙarfin sake faɗa.

Abuna Bisada mutumin kirki ne, na ga hawayensa a kan akwatin Abanub. Amma ba shi ya ɗaure ba, ba shi zai kwance ba.

Ni ne ubanta. A'a. Ku ba ta nono kaɗan-kaɗan, ku rufe ta daga iskar yamma, ku jira ni.

Wisa


Nazlat Fam, Makon Shan Wahala

Wisa,

Muna nan. Lahadin baftisma ya wuce. Ina zaune a ɓangaren mata aka yi ta shiga da jarirai ana fitowa da su cikin farare, tamu tana gida.

Na karanta wa Marta duka. Ta yi kuka, ta ce, "Ashe tsoro ne." Ba ta ƙara kalma ba. Ta fi ni haƙuri, ni zan ƙara. Abin da kake yi sunansa garkuwa. Ka laɓe bayan jaririya kana ciniki da Mai Sama. Na bi maganarka domin kai ne uba, kuma domin ni na goya ka, na san in ka kafe ko jirgin ƙasa sai ya kauce. Amma ka ji tun yanzu, kada ka ce ban faɗa ba. Ran da na ga abin da nake tsoron gani a fuskarta, ba zan tsaya neman Hindawi ba.

Ka je coci ran Idi, ko na Kaldiyawa ne, Kiristocin can. Ba a hana baƙo tsayawa.

Nargis


Basra, tsakiyar Mayu

Yayata Nargis,

Almasihu ya tashi. Ina gaishe ki da Marta da yarinyar. Rubutun zai yi miki karkace, a kan gwiwa nake yi, kafaɗata ta hagu a ɗaure. Kada hankalinki ya tashi, ɗinki ne kawai.

Takardarki ta makon wahala ta same ni, na yi fushi na ajiye ta ban amsa ba. Tun daga nan ban sake jin komai daga gare ku ba. Hindawi ya maƙale a kan iyaka, sai jiya ya shigo, hannu wofi.

Ranar Talata da hantsi muka zauna shan shayi a inuwar bangon da muke ginawa. Na ɗauki kofina, sai na tuna na bar zarto a rana, kin san yadda rana ke yi wa mariƙi. Na miƙa wa Abdurradi, wani ɗan Sohag, na ce ya riƙe mini, ya matso ya zauna inda na tashi. Ban kai ga zarton ba harsashin igwa ya sauka a gindin bangon, ya kashe shi nan take. Abdurradi 'ya'yansa biyar. Shi ne mai raba mana gurasa in azumina ya zo, ya ware mini wadda ba ta taɓa cuku ba.

A asibiti Abu Jasim ya zo ya zauna bakin gadona. Ban san abin da ya kama ni ba, na kwashe komai na gaya masa, Abanub da yarinyar da bakancen. Sai ya ce, "Wallahi ku Masarawa, har Allah sai kun gwada masa wayon kasuwa." Na ce, "Ba ka san addininmu ba, Abu Jasim." Ya ce, "Ban sani ba. Amma na san igiya. Ka ɗaura baki ɗaya a sama, ka manta ɗaya bakin a wuyanka yake. Da ka zauna ka shanye shayinka, wa zai kai ta a Yuni? Ni?" Na ji haushi na ce, "Kai fa, da Jasim a Faw, barci kake?" Ya ce, "Ba na barci. Amma ban ce na riƙe wani abu ba."

Yaya, da na mutu ranar, da na bar muku magana a wuya wadda ba mai kwancewa. Marta za ta ce wasiyyar mamaci ce, ta ƙi. Ke ki rasa yadda za ki yi. Yarinyar ta zauna a ƙofar coci saboda bakin mutumin da ke ƙasa. Na ɗauka na riƙe ranta har Yuni, ashe ko nawa ban riƙe ba har ƙarshen kofin shayi.

Kada ki ɗauka bangaskiya ce ta sauko mini. Tsoron yana nan inda yake. Gajiya ce. Na gaji da gadin abin da ba ni da makullinsa. In Ubangiji na karɓar gajiya a madadin bangaskiya, to ga ta.

A yi. Ke ki ɗauke ta, ke ki tsaya mata. Ki ce wa Abuna na karɓi kwancewarsa.

Ƙaninki,
Wisa


Nazlat Fam, tsakiyar Mayu

Ƙanena, ɗan uwata,

Almasihu ya tashi. Ban san ko kana lafiya ba, shirunka ya yi tsawo. Zan ba wani ɗan Ƙusiyya da ke tahowa wannan, ba zan jira Hindawi ba. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Na saɓa maka. Ranar Alhamis ta bayan Idi shuɗin ya bar leɓe ya kama fuska duka, ta sandare a hannuna, sannan ta dawo. Ban tambayi kowa ba. Na naɗe ta na fita. Marta ta biyo ni tana cewa, "Yaya, ya ce a'a, ya ce a'a," amma ba ta riƙe ni ba, ita ce ma ta ɗauko farar rigar, ashe ta daɗe da ɗinka ta a ɓoye. Abuna ya sa aka ɗumama ruwan. Ni na tsaya mata, ni na yi mata alkawuran. Marta na ƙofa ta dafa ƙyaure tana leƙe. Ya tsoma ta a hankali, ya shafa mata mai, ya ɗiga mata jibin Ubangiji da ɗan yatsa, ya ɗaura mata jan zaren.

Ta yi kwanaki kaɗan, har ta sha nono fiye da da, har muka fara sa rai. Ranar Litinin da rana, a cinyar uwarta, ta tafi. Ba ta sha wahala ba. Da zarenta muka sa ta, ba a kai ga kwancewa ba.

Ka san a kwana hamsin na bayan Idi ba a yin muryar makoki. Suka shigo da ɗan akwatin suna buga kuge, suna rera "Almasihu ya tashi", suka zaga coci da ita. Na so in daka musu tsawa su yi shiru. Ban yi ba. Can sai na ji bakina yana binsu.

Abin da ka faɗa shi ya faru, yadda ka faɗa shi. Ba zan yi maka gardama a kan wannan ba. In kana neman wanda za ka ɗora wa, ga ni, kada ka taɓa Marta, ba ta da inda za a ɗora mata komai. Ba na nadama, Wisa, amma ina tsoron rasa ka. Ka rubuto, ko zagi ne.

Yayarka,
Nargis


Basra, farkon Yuni

Yaya Nargis,

Haƙiƙa ya tashi. Kafaɗa ta warke. Yaya ƙafarki, yaya kuma Marta? Tana cin abinci? Ki tsaya a kanta.

Zuwa yanzu tawa ta same ki, kin ga takardunmu sun yi saɓani a hanya. Kada ki ce wannan ya wanke ni. Ranar da kika naɗe ta kika fita, maganata "a'a" ce. "A yi" ɗina ya iso bayan an rufe ƙasa. Ba da iznina kika yi ba, kuma kin yi daidai.

Ba zan ɓoye miki ba, kwanakin farko na yi ta rubuta miki wasiƙa a cikin kaina, kowace da "ban faɗa muku ba?" take farawa. Hujja tana hannuna, yara biyu, hanya ɗaya. Kugen nan ma ya ba ni haushi, wai ana kiɗa a kan 'yata. Sai na tambayi kaina, da kun bi maganata fa? Da ranar Litinin ta zo duk da haka, zuciyar ita ce zuciyar. Da an naɗe ta a zane an bi da ita ta bayan coci, ba addu'a, ba wanda ya ambaci sunanta a bagade, Marta kuma ta ɗauki wannan har kabarinta. Ni ne da na jawo. Ke kika tare. Ba zagi zan aiko miki ba, Yaya. Bari in sumbaci hannunki daga nan.

Ban ce na fahimci Ubangiji ba. Ya karɓi biyu, bai gaya mini dalili ba, kuma ban daina jin zafinsa ba. Lahadi na je cocin Kaldiyawa na tsaya a baya. Ban san harshensu ba, sai na yi ta addu'ar Ubangiji da nawa. Da na zo kan "a aikata nufinka" bakina ya tsaya. Na jira. Na faɗa. Ban ji wani sanyi ba, amma na faɗa, kuma da gaske nake.

Abu Jasim ya karɓo mini fasfo, ya kawo da kansa, ya ce in gaishe da mutanen gida. Ina tafe ƙarshen wata. Ki ce wa Marta abin da na kasa rubutawa zan faɗa mata da baki.

Sai roƙo ɗaya. Na sake karanta duk abin da ya shiga tsakaninmu a kaina, na ga ban taɓa tambayarki kamanninta ba. Da gangan ne, tsoro nake kada in san ta. Yanzu ina so. Kada ki jira zuwana, ki rubuta ki ba wanda ya fara tasowa, ko mu yi saɓani a hanya ta same ni daga baya. Gashinta mai yawa ne? Hancin namu ta ɗauko ko na su Marta? Ta yi kuka da ruwan ya taɓa ta? Tana da wani tabo, ko ɗan ƙarami? Kada ki rage komai, Yaya. Ina so in gane ta ran da za a nuna mini ita.

Ƙaninki,
Wisa